Waye ya zuba kuɗin da aka kafa kamfanin da ya zama BP?

Tambaya: Malam don Allah, na ji ana cewa gwamnatin Ingila ce ta kafa BP a Iran. Haka ne? In ba haka ba, da kuɗin waye aka fara haƙo man?

Amsa: To ɗan'uwa, gwamnati sai da tuwo ya nuna ta zo da kwanonta. Wanda ya fara zuba kuɗi wani Bature ne, William Knox D'Arcy, da haƙar zinari ya yi arzikinsa a Mount Morgan can Ostareliya. A 1901 Sarkin Farisa (wato Iran ta yanzu) Mozaffar ad-Din ya ba shi izinin neman mai na shekara 60, a kan fam 20,000 lakadan, da hannun jari na wani fam 20,000, sai kashi 16 cikin ɗari na riba. Shi D'Arcy ɗin fa ko sau ɗaya bai taka ƙasar ba, yana Landan yana turo kuɗi, injiniyansa George Reynolds ne ke shan rana a cikin duwatsu.

Aka yi ta haƙa shekara da shekaru ba man kirki, kuɗi na ta zurarewa kamar ana ɗiban ruwa da kwando, har D'Arcy ya fara tuntuɓar gidan Rothschild na Faransa, attajirai masu banki, nan ne hankalin rundunar sojan ruwan Ingila ya tashi don ba sa so man ya faɗa hannun wata ƙasa, sai aka haɗa shi da Burmah Oil, kamfanin 'yan Scotland da ke Glasgow, suka zuba jari a 1905. Su ma ɗin sun ƙosa, a 1908 har sun rubuta wa Reynolds cewa in ya kai zurfin ƙafa 1,600 ba mai to ya tattara kayansa. Ranar 26 ga Mayu man ya yi tsartuwa a Masjed Soleyman, a wajen ƙafa 1,180.

A 1909 aka kafa Anglo-Persian Oil Company, mafi yawan hannun jarin na Burmah ne, D'Arcy kujerar darakta ya samu. Ni a ganina 'yan Burmah ne suka ceci aikin, amma ba a cika ambatonsu ba.

Gwamnati sai 1914. Churchill, ministan rundunar sojan ruwa a lokacin, na maida jiragen yaƙi daga kwal zuwa mai, kamfanin kuma na cikin matsin kuɗi, sai majalisa ta amince aka sayi kashi 51 cikin ɗari a kan wajen fam miliyan 2, saura makonni kaɗan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Sunan British Petroleum, wato BP, kuwa sai 1954 kamfanin ya ɗauke shi.