Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarar Jirgin Ƙasa da Cunkoso a Mararraba

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana kusa da inda titin mota ya tsallaka layin dogo. Odar jirgi ba ta barinmu barci. Me ya sa hukuma ba za ta hana direbobin danna ta da dare ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, direban ba don nishaɗi yake danna odar ba. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa kan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Abin da ya rage masa shi ne gargaɗi. A Amurka, dokar 2005 ta wajabta masa danna oda daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin mararraba, da ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 96 zuwa 110: dogon sauti biyu, gajere ɗaya, sai dogo.

Dokar ta kuma ba birane damar kafa yankin shiru, inda ba a danna oda, amma da sharaɗi. Tsawonsa kada ya gaza kimanin mita 800, kuma kowace mararraba a ciki ta kasance da fitilu da sandunan tare hanya. Sanda biyu sau da yawa ba sa isa, don mai gaggawa kan zagaye su ta hannun da ba nasa ba. Shi ya sa ake sa sanda huɗu su rufe titin gaba ɗaya, ko a gina dakalin kankare a tsakiyar titi mai tsawon kimanin mita 30. Akwai kuma lasifikar da ake kafawa a mararrabar, tana fuskantar motoci, ta yi ƙarar a madadin jirgin, sai gidajen da ke gefe su samu sauƙi. Ko a yankin shiru, direba zai danna oda idan ya hango mutum a kan layi.

Tambaya: Mu ba oda ce ke damunmu ba, rugugin ƙafafun jirgi ne da ƙugin ƙarfe. Katanga za ta yi maganinsa?

Amsa: Za ta rage, in dai ta tare tsakanin ƙafar jirgin da kunnenki, Malama. Katangar da aka gina daf da layi, ba kafa ba tsaga, tana rage desibel 5 zuwa 10 ko fiye, kuma kunne na jin ragin 10 kamar an raba ƙarar biyu. Mai zaune a hawa na huɗu kuwa ba ta yi masa komai, kuma ba ta hana girgizar da ke bi ta ƙasa.

A ganinmu gyara daga tushe ya fi. Ƙwas-ƙwas ɗin nan daga mahaɗar ƙarafan layi yake fitowa, idan aka yi musu walda suka zama ɗaya sai ya ɓace. Ƙugin da ake ji inda layi ya yi kwana ana kashe shi da na'urar da ke shafa wa ƙarfen mai. Layin da ya yi kaushi a goge shi. Tsohon birki na baƙin ƙarfe yana kankare ƙafar tarago ta yi gurzai-gurzai, shi ne Jamus ta hana taragun kaya masu irin wannan ƙara bin layukanta tun Disambar 2020.

Tambaya: Mukan yi minti ashirin a tsaye ana jiran jirgi ya wuce. Ba gadar sama ce kawai mafita ba?

Amsa: Fara da lissafi. Jirgi mai tsawon kilomita 3 da ke gudun kilomita 60 a awa zai wuce cikin minti 3. Idan yana rarrafe a 15 saboda zai shiga tasha, minti 12 ne. Wani lokacin ma tsayawa yake yi ana haɗa taragu, wutsiyarsa ta toshe titi. Wannan ba sai an gina gada ba: a tsawaita layin jira, ko a matsar da wurin haɗa taragun. Haka tsofaffin sanduna kan sauka da zarar jirgi ya taka wani wuri, ko da gudu yake ko a hankali. Na zamani suna auna gudunsa, su sauka a kan kari. Dole kuma fitilun ba da hannu na kusa su san jirgi na tafe, su kwashe motocin da ke kan layi. Rashin daidaita wannan ne ya kashe ɗalibai 7 a motar makaranta a Fox River Grove ta jihar Illinois a 1995.

Inda jirage da motoci suka yi yawa, raba su ne magani. Jihar Victoria ta Ostireliya ta fara cire mararrabun Melbourne a 2015, daga baya ta sa niyyar kawar da 110 zuwa 2030. A Los Angeles, layin Alameda da aka buɗe a 2002 ya bi ta rami mai tsawon kilomita 16 da zurfin mita 10, aikin ya kawar da mararraba sama da 200.

Amma gada na cin fili. Sai ta bar wa jirgi sararin kusan mita 7, ga kaurin gadar, don haka gangarenta kan kai mita 150 ko fiye kowane ɓangare, shagunan da ke wurin su rasa ƙofa. Ta ƙarƙashin ƙasa kuma ruwa ke taruwa a ciki, ranar da injin zuƙe ruwa ya mutu titin ya rufe. Kafin ku kai koke, ku yi mako kuna rubuta lokacin da sanda ta sauka, da lokacin da ta tashi, da ko jirgin tafiya yake ko tsaye. Wannan takardar ce za ta nuna wa injiniyoyi gada ake bukata ko gyaran tsarin tasha.