Kayan lambunmu na yin yaushi kafin kasuwa ta tashi

Tambaya: Ni da maigidana da yaranmu biyu muke noman lambu, duk mako kuma mukan kai abin da muka samu kasuwar manoma da ke ci kusa da mu. Da safe ciniki ba laifi, amma da rana ta take sai latas ya yi yaushi, tumatir ya saki, kokwamba ta soma yin rawaya, dole mu karya farashi don kada mu koma gida da kaya. Maigidana ya ce mu rage abin da muke kaiwa, ni kuma ina ganin farashinmu ne ya yi sama. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malama, maigidanki ya fi kusa da gaskiya, amma ku duka biyu kun tsaya a kasuwa kuna neman abin da ya ɓace tun a gona.

Ganyen da aka yanka bai mutu ba. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona sukarin jikinsa, yana fitar da ruwa, ga shi babu saiwar da za ta mayar masa. Zafi ne ke ingiza wannan aiki: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas, numfashin yakan ninka sau biyu zuwa uku. Latas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma da ya rasa kamar kashi 5 na nauyinsa sai ki ga ya langwaɓe. Idan kun yanke shi jiya da rana tsaka, ya kwana a buhun leda, to da zafin gona ya iso kasuwa. Ranar kasuwa ƙarasa shi kawai ta yi. Ba ku kaɗai ba ne: rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isa wurin mai sayarwa.

Don haka ku yanki ganye da asuba, ku kai shi inuwa nan take, ku tsoma a ruwa mai sanyi mai tsabta, ku tsane, ku jera a kwando mai shan iska, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Yayin da ruwan buhun ke bushewa yana janye zafi daga kayan.

Tumatir kam kada a yi masa haka. Idan aka jefa shi da ɗuminsa cikin ruwan da ya fi shi sanyi, yakan zuƙi ruwan ta wurin da aka cire shi daga reshe, har da ƙwayoyin cutar da ke ciki, sai ruɓa ta fara daga ciki. A goge shi da tsumma ya isa. Kuma ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, haka ma kokwamba. Firji na kashe wa tumatir ɗanɗano. Kada a tula shi da zurfi, na ƙasa shi ke ɗaukar nauyin na sama.

Rawayar kokwambarku, ina kyautata zaton maƙwabtaka ce ta jawo. Nunannen tumatir, kamar ayaba da tuffa, yana fitar da iskar da ake kira etilin, wadda ke gaggauta nuna. Ita ce ke sa kokwamba ta yi rawaya, latas ya yi ɗigo-ɗigon ja a jijiya, karas ya yi ɗaci. Ku raba musu kwando tun daga gona, musamman idan za su kwana a rufe.

A kan tebur, a fito da kaɗan, sauran su zauna ƙasa a inuwa, ana cikowa. Na sha ganin mai kaya ya zube komai tun da safe don tebur ya cika ido, zuwa tsakar rana duk sun dahu tare.

Batun farashi kuwa, tunda da safe ana saye ba gardama, bai yi sama ba. Abin da nake jin tsoro shi ne karyarwar da kuke yi kowane mako a lokaci guda. Masu saye suna lura, wasu za su koyi jira. Gara a haɗa ragowar ɗauri-ɗauri, ko a ƙara wa tsohon abokin ciniki gyara.

Kafin ku rage kaya, ku ba ɗaya daga cikin yaran littafi ya riƙa rubuta abin da aka kai, abin da aka sayar kafin tsakar rana, da abin da ya rage, kowane iri da layinsa, tsawon mako shida. A saka kuɗin mota da na rumfa, har da awannin da ku huɗu kuka kwashe, domin aikin iyali shi ne kuɗin da manoma suka fi mantawa da shi. Wataƙila littafin ya nuna latas kaɗai za a rage, tumatir kuwa ƙari yake so.