Inshorar sito da tirelolin kamfani: mene ne hukuncinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da ƙannena biyu muna da kamfanin hatsi da takin zamani a Zariya. Sitonmu yana Ɗan Magaji, muna da tirela biyu masu kai masara Legas. Akwai mutum bakwai da suka zuba mana jari ana raba riba, ciki har da kuɗin marayu. Bara wuta ta cinye siton maƙwabcinmu cikin dare ɗaya, har yau bai miƙe ba. Ƙanena ya matsa mu yi inshora, ni kuwa tun ina yaro nake jin haramun ce, kuma rashin tawakkali ne. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya tsare naku.

Maganar tawakkali ita za mu fara kawarwa, don ba ita ce matsalar ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Annabi Yusuf (AS) ma ya sa an adana hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa saboda fari mai zuwa. Ƙanenka bai yi laifi ba da ya ji tsoron gobara. Abin dubawa shi ne irin yarjejeniyar da za ku sa wa hannu.

A inshorar da aka saba, kana biyan kamfani kuɗi ƙayyadadde duk shekara, shi kuma ya yi alkawarin biyanka idan asara ta auku. Wannan ciniki ne, kuɗi ake bayarwa don a karɓi kuɗi. To, me ka saya? Kana iya biyan naira dubu 500 shekara goma ba ka karɓi ko kwabo ba, wani kuma ya biya sau ɗaya ya karɓi miliyan 50. Ranar ƙulla cinikin babu wanda ya san abin da zai samu, ko nawa ne, ko yaushe. Shi ne garar, cinikin da ba a san ƙarshensa ba, wanda hadisin Abu Huraira a Muslim ya hana. Ga shi kuma ana musayar kuɗi da kuɗi, da fifiko da jinkiri, sannan kamfanonin suna juya abin da suka tara a harkokin kuɗin ruwa. Bisa wannan ne Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta haramta ta a 1977, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ita ma ta haramta ta a zamanta na Jidda a 1985, dukansu kuma suka halatta inshorar taimakon juna. Amanar ilimi ta sa in gaya maka akwai saɓani: Shaihu Mustafa Zarƙa, babban masanin fiƙihu ɗan Siriya, ya halatta ta, yana ganin kwanciyar hankali ake saya. Ban gamsu da hujjarsa ba, domin kwanciyar hankalin daga alkawarin kuɗin take fitowa, alkawarin kuwa shi ne abin da ba a san ko zai cika ba. Ra'ayin mafi yawan malamai nake ba da fatawa da shi.

Mafitar ita ce takaful, wato inshorar taimakon junan nan, kuma tana da tushe mai ƙarfi a mazhabarmu. Malikawa sun bambanta ciniki da kyauta. Garar yana ɓata ciniki, amma ba ya ɓata kyauta, har sun yarda mutum ya kyautar da abin da bai san yawansa ba, kamar yadda Imam Ƙarafi ya yi bayani. A takaful kowa yana zuba gudummawa cikin asusu ɗaya da niyyar tallafa wa duk wanda asara ta faɗa wa a cikinsu. Asusun na masu zubi ne, kamfanin wakili ne kawai da ake biyansa ladan kula, kuma idan shekara ta ƙare da rara, ba ya haɗiye ta shi kaɗai. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yabi Ash'arawa, wata ƙabila daga Yaman, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Mu ma mun san irin wannan a gayya da gudummawar 'yan kasuwa. An kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, a nan gida kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

Sai dai kada sunan ya ishe ka. Kafin ka sa hannu, ka tambaya: an raba asusun masu zubi da na masu kamfani? Ina ake juya kuɗin? Yaya ake raba rara, kuma waɗanne malamai ne ke duba aikin? Ka kuma faɗi gaskiyar kuɗin kayanka. Wanda yake da masarar miliyan 100 ya rubuta 50 don zubinsa ya yi sauƙi ya yi ƙarya, kuma ranar asara rabin abin da ya ƙone za a lissafa masa. Ƙara yawan asara a lokacin neman diyya kuwa cin dukiyar 'yan'uwa ne kai tsaye.

Tirelolinku suna da inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Ku neme ta ta hanyar takaful. Idan ba ta samu ba, ku biya ta gama-gari, babu zunubi a kan wanda aka tilasta, amma ku tsaya iya abin da dokar ta nema. Idan kuwa motar wani ce ta buge taku, kamfanin inshorarsa ya biya, ku karɓa, haƙƙinku ne da ke wuyansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne kuɗin marayun nan. Jarin da ake ba ka ka juya a raba riba, ƙiradi ke nan, kuma a ƙiradi mai juya kuɗi amintacce ne: idan dukiya ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya, ba a ma yarda a sharɗanta masa lamuni ba. Ka ga idan wuta ta ci siton, a kan marayun asarar za ta sauka. Idan kuwa da sakaci, ku za ku biya daga aljihunku. Mutanen kasuwarku ne za su faɗi abin da ake kira sakaci, amma na san tara taki da hatsi da jarkokin man janareta a ɗaki ɗaya yana ciki, haka barin tsofaffin wayoyin wuta cikin hunturu, da sa direba ya tashi daga Zariya zuwa Legas ba barci. Annabi Yaƙub (AS) ya umarci 'ya'yansa kada su shiga ta ƙofa ɗaya. Ku ma ku raba kayan a sito biyu idan da hali, ku ajiye kwafin littafin lissafi a wani wuri daban.

Saboda haka ku tara masu jarin da waliyyin marayun, ku gaya musu za a riƙa cire zubin takaful daga kuɗin harka. A ganina hukuncinsa ɗaya da ladan maigadi, ɗawainiyar tsaron dukiyarsu ce, don haka ya halatta ko a kason marayu. Ku rubuta yardarsu, a sa shaidu biyu.

Wallahu a'alam.