Kafin ka sayi mota ta biyu, ina littafin ta farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan masarufi a Kano. Shekara biyu da suka wuce na sayi Toyota Sienna na ba ƙanin matata yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja. Alhamdu lillahi tana kawo kuɗi, sai dai wani lokacin gyara yakan ɗan taɓa mu. Yanzu ina so in ciri kuɗi daga shago in ƙara ta biyu. Abokina ya ce in sayi Sharon ta Volkswagen, ta fi araha kuma ba ta shan mai kamar Sienna. Amma ni tun da na fara hawa mota ban san wata ba sai Toyota, kuma kowa ya san ba ta ba da matsala. Burina nan da shekara uku in tara motoci goma in buɗe kamfanin sufuri. Wace mota ce ta fi ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Na bi saƙonka daga farko har ƙarshe ina neman adadin kuɗi ko guda ɗaya, ban samu ba. Ka ce tana kawo kuɗi. Nawa? Ka ce gyara yakan ɗan taɓa ku. Nawa ya ci bara, nawa ya ci bana? Kwana nawa ta yi a gareji? Kai ne fa mutumin da idan na tashe ka daga barci na tambaye ka ribar da ke kan katan ɗin taliya za ka faɗa mini har da canjin naira hamsin. Amma ka zuba miliyoyi a kan titi shekara biyu, abin da kawai ka riƙe a matsayin hujja shi ne tambarin da ke gaban motar. Matsalarka ke nan, ba zaɓi tsakanin Sienna da Sharon ba. Sunan kamfani ya zauna maka a gurbin lissafi, kuma yanzu kana shirin yankar jarin shagon da ka san yana ciyar da gidanka ka kai inda ba ka san ko riba kake ci ko asara ba.

Ba zan rage wa Toyota komai ba. Sunan da ta yi a ƙasar nan da gumi ta same shi. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna, kayan gyaranta ba sai ka sha yawo ba. Bakaniken da ke bakin titi a Tafa ko Kwanar Dangora ya san cikinta. Ranar da ka tashi sayarwa ba za ta kwana a hannun dillali ba. Duk gaskiya ne. To amma ba kai kaɗai ka san haka ba, mai sayarwa ma ya sani, shi ya sa ya riga ya ɗora maka kuɗin wannan sunan a kan farashi. Ka biya kuɗin ƙarkon tun ranar ciniki. Abin da ya rage shi ne ko wannan motar da ke hannunka, ita kanta, ta mayar maka da abin da ka biya. Wannan kuwa tambari ba ya amsa shi.

Kuma ka daina cewa ba ta ba da matsala. Ka tambayi duk wanda ya riƙe Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, wadda ake kira Muscle, yadda wasunsu ke shan baƙin mai. Kamfanin da kansa ya yarda da matsalar a Amurka har ya tsawaita garantin injin. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur. Wannan sababbi ke nan, a ƙasar da titinta ke da kyau. Ina ga wadda ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin, ta ratsa hannun mutum uku, wataƙila ma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo ta, aka daddaɓe jiki, aka yi fenti, aka mayar da lambar tafiyarta baya kafin ta sauka a Legas ko Kwatano? A wannan shekarun tarihin mota ya fi sunan wanda ya ƙera ta nauyi nesa ba kusa ba.

Tambarin ma kansa ba koyaushe yake faɗin abin da ke ciki ba. Vibe ɗin nan da ta cika Arewa sunan Pontiac ne a jikinta, kamfanin da aka rufe tun 2010, amma injinta na Toyota ne, tagwaye suke da Toyota Matrix, kuma a wata masana'anta aka ƙera ta a Kalifoniya da Toyota da General Motors suka yi tarayya a kai. Sharon ta farko da Ford Galaxy kuwa daga masana'anta ɗaya suka fito a Fotugal. Na sha ganin wanda zai rantse ba zai taɓa hawa ɗaya ba alhali ɗayar ce a ƙofar gidansa.

Iyayenmu sun yi irin wannan riƙo da Peugeot. Tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, gwamnati ita take hawa, tashoshi ita ce, mai kuɗi ita ce. Aka daɗe ana haɗa 504 har cikin shekarun 2000. Na san wani dattijo mai motocin haya da ya riƙe 504 da 505 doguwa har bayan fasinja sun koma neman wasu motocin. Duk wanda ya ba shi shawara sai ya ce shi da Peugeot mutu ka raba. Motocin ba su yaudare shi ba, ƙarfe ne na gaske. Abin da ya faru shi ne kuɗin da suke kawowa na raguwa kaɗan-kaɗan, na gyara na hawa kaɗan-kaɗan, shi kuma ba ya rubutu, saboda haka babu ranar da ya ga layin biyu sun haɗu sun wuce juna. Kullum da yamma ana miƙo masa balas yana sa wa a aljihu, kullum da safe ana karɓar na gyara daga wani aljihun. Sai da ya sayar da fili don ya tayar da motoci biyu da suka kwanta, sannan 'ya'yansa suka zauna suka yi lissafi, suka tarar shekaru ke nan gidan ne ke ciyar da motocin.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata a ce kai ka aiko mini da shi. Lambobin na misali ne. Mu ƙaddara motar ta tsaya maka naira miliyan 9, direba kuma yana kawo dubu 150 a mako bayan ya cire mai da nasa. Mai mafarkin motoci goma sai ya buga sau 52 ya ga miliyan 7.8, ya ce shekara ɗaya da 'yan watanni ta biya kanta. To, babu motar haya da ke aiki mako 52. Ka cire kwanakin gareji, da jiran layi a tasha lokacin da fasinja ya yi ƙaranci, da rashin lafiyar direba, da biki da rasuwa. In ta yi mako 42 ka gode wa Allah. Miliyan 6.3 ke nan.

Yanzu ka dubi titin. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Sawu uku a mako, zuwa da dawowa, a shekara motar ta ci kusan kilomita dubu 100, abin da motar gida ke yi a shekaru da yawa. Juye kaɗai sau ashirin ne idan ana yi a kan ƙa'ida, ka sa dubu 700. Taya saiti biyu, dubu 600. Ƙafa da birki da shokazoba da ƙananan gyare-gyare, miliyan 1. Takardu da inshora da abin da ba a rasa ba a hanya, dubu 200. Sai babban baƙon da kowa ke mantawa da shi, inji ko giyabos, wanda zai zo ko ba bana ba ko baɗi, ka ware masa miliyan 1 duk shekara. Saura miliyan 2.8. Ba a gama ba. Motar tana tsufa, nan da shekara huɗu sai an musanya ta, kuma ko ka sayar da tsohuwar sai ka yi ciko mai yawa. Ka ware miliyan 1.5. Abin da ya rage a hannunka miliyan 1.3 ne a kan jarin miliyan 9, idan ba a yi haɗari ba, ba a kama motar ba. Wannan miliyan 9 ɗin sau nawa take juyawa a shagonka a shekara, kuma nawa take bari?

Mai yiwuwa lambobinka sun fi nawa kyau. Mai yiwuwa sun fi muni. Abin da ke damuna shi ne ba za ka iya buɗe wani shafi ka ce mini Malam nan ka yi kuskure ba.

Akwai wani ruɗin da ya shiga kan masu motoci tun 2023. Da naira ta faɗi, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024, farashin tsofaffin motoci ya yi sama. Sai mutum ya ce ai motata ta fi kuɗin da na saye ta, ashe riba nake ci. Ba riba ba ce. Je ka nemi irinta ka ji nawa za a ce maka, ka tambayi kuɗin injinta a yau. A 2023 ɗin dai aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, mai ya zama shi ne babban abin da ke cin kuɗin sawu. Yawancin Sienna silinda shida gare su, lita 3.0, 3.3 ko 3.5. A nan abokinka yana da magana. Kai ma kana da taka, domin fasinjan Abuja yakan ƙara kuɗi saboda sanyi da wurin miƙe ƙafa, Sharon kuma mafi yawan waɗanda ke yawo sun tsufa ƙwarai. Wacce ta fi? Ya danganta da hanya, da tashar da za ka yi rajista, da kuɗin kujera a can. Da kana da lissafin shekara biyu na mai da kuɗin shiga, da rabin amsar na hannunka.

Akwai wata Hajiya da na taɓa duba wa lissafi, motoci uku gare ta a hanya, kowace da littafinta na 'yan makaranta. Ɗaya daga ciki ita ce abar alfaharinta, mai suna, mai ƙyalli, direbobi na rububinta. Wata kuma tsohuwar Golf ce da fentinta ya koɗe. Da muka tara na shekara, tsohuwar ce ta fi barin kuɗi, domin hanyarta gajera ce, ba ta shan mai, gyaranta na 'yan dubbai ne. Mai ƙyallin kuwa kuɗin shigarta ya fi na kowa, amma abin da ya rage bayan gyara bai kai rabin na Golf ba. Ta sayar da ita cikin watan. Ba ta fi ka sanin mota ba, ko tuƙi ba ta iya ba. Rubutu take yi.

Batun motoci goma a shekara uku kuwa, ka ajiye shi. Ba na son jin irin wannan magana daga bakin ɗan kasuwar da ya san wahalar tara jari. Idan ta farko miliyan ɗaya da 'yan kai take bari a shekara, da wane kuɗi za ka sayi tara? Daga shago za su fito, ko daga bashi. Kuma mota goma direba goma ne, bakanike, tasha, takardu, kiran waya tsakar dare daga hanyar Kaduna. Wanda bai iya bin sawun kuɗin guda ɗaya ba, goma za su cinye shagon kafin ya farga.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka taɓa kuɗin shago. Ka buɗe wa motar asusunta daban, duk abin da ta kawo can zai shiga, duk gyara daga can zai fita, ko na cefane ka ɗiba ka rubuta bashi ne. Ka sayi littafi, kowane sawu a sa rana, lambar tafiya da ke jikin mita, fasinja nawa, mai na nawa, me ya rage. Kowane gyara a sa sunan abin da aka canza da kuɗinsa da kuɗin aiki, a kawo maka tsohon ƙarfen ka gani, kuma kai za ka riƙa biyan mai kayan gyara kai tsaye. Ranar da motar ba ta fita ba ita ma a rubuta, da dalili. Ka yi haka wata shida, ya haɗa da lokacin cikowar fasinja da lokacin ƙaranci. Ka kuma bi tsofaffin saƙonnin bankinka na shekara biyun nan ka tsamo duk abin da ka tura da sunan gyara. Jimillar za ta faɗa maka abin da ni ba zan iya faɗa maka ba.

Na san abin da zai yi maka nauyi: direban ƙanin maiɗakinka ne, kana jin kunyar ka ce ya rubuta. Ban ce yana cin amanarka ba, ban san shi ba. Amma rubutun shi ma kariya ne gare shi, domin ranar da inji ya buga zargi zai fara shiga zuciyarka, maganar ta isa cikin gida, kuma babu takardar da za ta wanke shi. Ka zaunar da shi cikin mutunci, ka ce masa kana shirin ƙara mota kuma sai da lissafi za ka iya, ka nuna masa kai ma kana rubuta naka ɓangaren. Idan ya karɓa, ka ware masa wani kaso na ribar da littafin ya nuna a ƙarshen wata shida, ya san rubutun yana da amfani gare shi. Idan ya ƙi, ko ya fara kawo uzuri mako bayan mako, ka karɓi makullin ka nemi wata hanyar da za ka taimaka masa wadda ba ta ɗauke da miliyan tara ɗinka.