Amsar tambayar Malam kan ƙananan jam'iyyu da gwamnatin haɗaka a Ayilan

Salamu alaikum jama'ar zaure. Malam, na saurari muryarka ta jiya da daddare, inda kake tambaya me ya sa a ƙasar Ayilan duk jam'iyyar masu ra'ayin ma'aikata da talakawa da ta shiga gwamnatin haɗaka, ita ce ke kwasar kashinta a hannu a zaɓe na gaba. Ka yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da ka lura da shi gaskiya ne. Jam'iyyar Leba ta ci kujeru 33 a 1992, ta shiga gwamnati, a 1997 ta dawo 17. A 2011 ta ci 37, mafi yawa a tarihinta, ta haɗa kai da Fine Gael, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar, a 2016 ta tashi da 7 kacal. Jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli tana da 6 a 2007, ta bi Fianna Fáil, wata babbar jam'iyyar, cikin gwamnati, a 2011 ko ɗaya ba ta samu ba. Ta farfaɗo da 12 a 2020, ta sake shiga, a zaɓen Nuwamba 2024 kujera ɗaya ta rage mata. Manyan ma sukan sha duka, don Fianna Fáil ta faɗo zuwa 20 a 2011, amma su suna da jijiya a kowace mazaɓa, sukan miƙe.

To, daga ina matsalar take farawa? Daga alkawarin kamfen. Ka ɗauki 2011. A Nuwamba 2010 ƙasar ta riga ta karɓi tallafin ceto na yuro biliyan 85 ƙarƙashin Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu a rubuce. Duk da haka shugaban Leba, Eamon Gilmore, ya shaida wa masu zaɓe cewa zaɓi biyu ne a gabansu, hanyar Leba ko hanyar Frankfurt, wato birnin da Babban Bankin Turai yake. Ruairi Quinn ya sa hannu a takardar ƙungiyar ɗalibai cewa ba za a ƙara kuɗin jami'a ba. Da aka kafa gwamnati shi aka ba ma'aikatar ilimi, kuma a hannunsa aka tsara ƙarin da ya ɗaga kuɗin daga yuro 2,000 har ya kai 3,000 a 2015. Kuɗin tallafin yara, wanda Leba ta yi kamfen da kare shi, an zaftare yuro 10 a wata a kasafin 2013. Sai ga kuɗin ruwan famfo, wanda ya fito da dubban mutane kan titi a 2014. Kuma ka lura, waɗanda waɗannan matakai suka fi ƙona wa aljihu su ne ainihin waɗanda suka jefa wa Leba ƙuri'a.

Abu na biyu shi ne tsarin mulkin ƙasar kansa. Sashe na 28 ya ƙayyade ministoci kada su wuce 15, kuma ya ce alhakin kowane hukunci yana wuyansu gaba ɗaya a gaban majalisar Dáil. A 2011 Fine Gael na da 10, Leba na da 5. Abin da aka tattauna a zaman ministoci sirri ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ko da ministan Leba ya yi ta-maza a cikin ɗaki ya hana a yanke wani tallafi, ba zai iya fitowa ya ce ga yadda aka yi ba. Abin da ya hana ba a gani, abin da ya amince da shi kuwa shi zai tsaya a talabijin ya kare. Har ila yau, manyan shawarwarin kuɗi na wancan lokacin mutum huɗu ne ke fara tace su a wani ƙaramin kwamiti, firaminista Enda Kenny, Gilmore, ministan kuɗi Michael Noonan da Brendan Howlin mai kula da kashe kuɗin gwamnati, abin da ya sa sauran 'yan majalisar Leba ke ƙorafin sai an gama dafa tuwo ake kiran su.

Daga nan ɓacin ran cikin gida ke tasowa, domin a Ayilan bulaliyar jam'iyya tana da zafi ƙwarai. Ɗan majalisar da ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarni, cire shi ake yi daga rukunin 'yan majalisar jam'iyya. Haka ta faru da Colm Keaveney a Disamba 2012, yana shugaban gudanarwar Leba, da ya ƙi goyon bayan dokar rage tallafin jin daɗin jama'a. Róisín Shortall ta ajiye muƙamin ƙaramar minista a Satumba 2012 kan yadda aka zaɓi wuraren gina cibiyoyin lafiya, a 2015 kuma tana cikin waɗanda suka kafa sabuwar jam'iyyar Social Democrats. A Green, Neasa Hourigan ta sha dakatarwar wata 15 a Maris 2023 saboda ta ƙi amincewa a ɗage dokar da ta hana korar 'yan haya. A ganina wannan tsanani cutar da ƙaramar jam'iyya yake yi, don yana korar mutanen da magoya baya suka fi yarda da su.

Yauwa, sai tsarin zaɓe, kuma nan ne mutane da yawa ba sa kula. Kowace mazaɓa tana da kujeru 3 zuwa 5, mai zaɓe yana jera 'yan takara 1, 2, 3 yadda yake so. Ana raba sahihan ƙuri'u da adadin kujeru da ƙarin ɗaya, sannan a ɗora ƙuri'a ɗaya. Misali mazaɓa mai kujeru 4 da ƙuri'u 50,000, mai son ci sai ya nemi 10,001. Ƙananan jam'iyyu galibi kujerar ƙarshe suke ci, da ƙuri'un da aka juyo musu daga 'yan takarar da aka fitar saboda ƙarancin ƙuri'a, bisa lamba 2 ko 3 da masu zaɓe suka ba su. Ranar da magoya bayan jam'iyyar Sinn Féin da sauran masu ra'ayin sauyi suka daina ba ka lamba 2 ko 3, kujerunka za su zube gaba ɗaya. A 2024 Green ta sauko ne daga kusan kashi 7 cikin 100 na ƙuri'un lamba 1 zuwa kashi 3, amma kujeru 11 suka tafi.

Ba wai sun fita hannu rabbana ba ne. Leba ta mayar da mafi ƙarancin albashi yuro 8.65 a awa a 2011, ta kawo dokar kare masu fallasa almundahana a 2014. Green ta samar da dokar yanayi ta 2021 mai burin rage hayaƙi kashi 51 cikin 100 kafin 2030.

Idan kana son ka auna su da adalci, Malam, ka nemi takardar yarjejeniyar shirin gwamnati da ake rattabawa kafin a shiga, ka ɗora ta kusa da alkawarin kamfen. Ka duba wane alkawari ne aka sa masa kwanan wata da adadin kuɗi, wane ne aka bari da "za a duba". Ka duba wa ke riƙe da ma'aikatar kuɗi. 'Ya'yan jam'iyya ma a nan ƙarfinsu yake, don Green sai da kashi biyu cikin uku na mambobi suke shiga gwamnati, a 2020 kashi 76 suka amince. Bayan zaɓen 2024 Fianna Fáil da Fine Gael suna da 86 cikin kujeru 174, biyu kawai suka rage musu su samu rinjaye. Leba da Social Democrats kowace na da 11, duk suka tsaya a waje, aka kafa gwamnati da 'yan majalisa masu zaman kansu a Janairu 2025.

Idan akwai inda ban fayyace ba, ka turo. A gaida gida.