Yaushe Ake Rera "Ubangiji Yi Mana Jinƙai" a Misa?

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan da aka ba ni jagorancin mawaƙa a cocinmu. Wata Lahadi Fada ya yi roƙo sau uku, jama'a suna amsawa da "Ubangiji yi mana jinƙai." Da ya gama sai na ɗaga hannu muka fara rera ta kamar kullum, na ga ya ɗago kai ya dube ni. Wata Lahadin kuma ya yayyafa mana ruwa mai tsarki, na tsaya ban san ko in fara ko in yi shiru ba. Don Allah yaushe ake rera ta, yaushe ake bari? Daga 'yarku, mai jagorancin mawaƙa.

Amsa: 'Yata, kada kunyar wannan kallon ta sa gwiwarki ta yi sanyi. Na shafe shekaru ina tsaye a inda kike tsaye, na san yadda hannu yake rawa a wannan ɗan shirun da ke tsakanin "Amin" da sautin farko.

Ƙa'idar tana cikin umarnin da ke farkon Littafin Misa na Roma, sakin layi na 52: bayan addu'ar tuba kullum ana fara wannan waƙa, sai dai idan ta riga ta shigo cikin addu'ar tubar kanta. Saboda haka kunnenki za ki kasa ga abin da Fada ya zaɓa, domin hanya uku yake da ita. Ta farko ita ce wadda dukanmu muke furta zunubanmu ga Allah da ga 'yan'uwa muna bugun ƙirji. Ta biyu gajera ce, Fada ya roƙi jinƙai mu amsa cewa mun yi wa Allah zunubi, ya roƙi Allah ya nuna mana jinƙansa mu amsa ya ba mu cetonsa. A waɗannan biyun, da zarar Fada ya roƙa mana gafara mun ce "Amin," sai ki ɗaga hannu. Ta ukun ce ta kama ki. A cikinta ana yabon Kristi da wani aikinsa, a rufe kowane yabo da "Ubangiji yi mana jinƙai" ko "Kristi yi mana jinƙai." An riga an yi ta ke nan, sai ki wuce zuwa waƙar Ɗaukaka idan ranarta ce. Littafin ya yarda dikon ko wani mai hidima ya ja waɗannan roƙe-roƙen, don haka idan kun shirya da Fada, ana iya rera su maimakon a faɗa da baki kawai.

Yayyafa ruwa, wanda ake yi ranar Lahadi musamman a lokacin Ista don tuna baftismarmu, yana maye gurbin addu'ar tuba. Bayansa littafin ya kai mu ga waƙar Ɗaukaka kai tsaye. Haka a Misar ɗaurin aure, ana tsallake addu'ar tuba a shiga Ɗaukaka. Ranar 2 ga Fabrairu ma, idin miƙa Yesu a Haikali, bayan zagayen kyandir, Ɗaukaka ce take biyowa. A Lahadin Ganyen Dabino idan an shigo da jerin gwano, littafin ya bar wa Fada ya ga ko ya dace a bar ta. Larabar Toka shafa toka ce take tsayawa a madadin addu'ar tuba, don haka ki tambayi Fada ko za a rera ta tun kafin a kaɗa ƙararrawa. A daren Ista ba a rera ta a farko, tana fitowa ne a bakin roƙon tsarkaka idan za a yi baftisma ko a albarkaci wurin baftisma.

Akwai kuskure ɗaya da na sha gani: mawaƙa su ɗauka tun da ba a rera Ɗaukaka a Lahadin Azumi da na jiran zuwan Kristi, to wannan ma an ajiye ta. A'a, tana nan daram.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda muke mayar da ita waƙar makoki, ko mu bar wa mawaƙa su kaɗai jama'a na kallo. Sakin layi na 52 ɗin nan ya ce da ita ne masu bi suke yi wa Ubangiji kirari suna kuma roƙon jinƙansa, kuma ta kowa ce. Ki tuna Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko, cikin Markus 10. An tsawata masa ya yi shiru, shi kuwa sai ƙara ɗaga murya yake, don ya san wanda yake wucewa zai iya. Haka matar nan Bakan'aniya a Matiyu 15, da kutare goma a Luka 17. Na taɓa ganin wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba, littafin waƙa a rufe a cinyarta duk Misar, amma da aka zo nan sai ta runtse ido ta buɗe tafin hannu, muryarta ta fi ta kowa a layinta. Tun daga ranar na daina zaɓen sautin da jama'a ba za su iya bi ba, komai daɗinsa.

Tsohuwar addu'a ce ƙwarai. A harshen Girka ake cewa "Kyrie eleison," kuma ko a Misar Latin haka aka bar ta. Taron bishop-bishop na Vaison a ƙasar Faransa ta yau ya umarta a riƙa yin ta a shekara ta 529, Fafaroma Gregory Mai Girma kuma ya yi maganarta a wata wasiƙa ta 598, inda ya nuna cewa a Roma ana haɗawa da kiran sunan Kristi. Da can sau tara ake yi, uku-uku. Littafin Misa na 1970 ya mayar da shi sau shida, kowane kira sau biyu, amma bai hana a ƙara ba idan sautin ya buƙaci haka.

Ga abin da nake yi har yau. Minti biyar kafin Misa nakan leƙa ɗakin shiri in ce, "Fada, wace addu'ar tuba ce yau, akwai ruwa?" Sai in rubuta amsar a gefen takardar waƙoƙi, in nuna wa mai kiɗa kafin mu zauna.