Tablet zan saya wa yarona ko me?

Tambaya: Salam anti, daga Unguwar Rimi nake. Ɗana shekararsa 5, yana da lalurar Down (wadda ake haifar yaro da ita, tana jinkirta masa girma da koyo), maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, in na aike shi sai ya tsaya yana kallona. Na kwashi adashi, ƙawata ta ce in sayo masa tablet mai wasannin koyon magana, babansa kuma ya ce asarar kuɗi ne. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam maman yaro, Allah ya raya mana shi. Ni dai a ganina ki ajiye maganar tablet tukuna.

Ki fara da kunnensa. Yara masu wannan lalurar da yawansu ruwa na taruwa musu a bayan dodon kunne, ba lallai ya yi ciwo ba balle yaro ya yi kuka, sai dai magana ta riƙa zuwar masa sama-sama kina zaton taurin kai ne. Mu nan Kaduna an taimake mu, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana cikin gari, asibitin ido na ƙasa ma yana wajen Mando, ki kai shi a duba duka biyun don da yawansu suna buƙatar gilashi.

Kallon nan da yake miki kuwa ƙoƙarin ganewa yake, don abin da ya gani ya fi zama a kansa fiye da abin da ya ji, kuma wallahi yana fahimtar fiye da abin da bakinsa ke iya faɗa. To ki ɗauki hoton kofinsa, butarsa, takalminsa, babansa da wayarki, a wanke miki a yi lamineshin saboda yawu da yage-yage. Kayan gidanku na gaske, ba zanen katun ba. Ki nuna masa, ki ce "ɗauko kofi" kawai, kar ki haɗa masa aike uku a jumla ɗaya, sannan ki yi shiru ki ƙirga goma a ranki kafin ki maimaita. Wannan jiran shi ya fi ba iyaye wuya.

Ki haɗa da alamar hannu, ci, sha, ƙari, ba ta hana magana fitowa. A Ingila tun shekarun 1970 ake amfani da tsarin Makaton mai haɗa magana da alama.

Wasannin tablet ɗin kuma yawanci da Turanci suke, ku Hausa kuke yi a gida. In an jima kika ga dole sai kin saya, ki zuba masa hotunan nan naku a ciki, ku riƙa kallo tare kina faɗa masa sunayen.